Yaya ake sauraren kiɗan da ba a jin harshensa?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana tsaya mini a rai, kuma ina fatan waɗanda suka riga ni nisa a sauraren kiɗa za su taimaka mini da abin da suka sani.

Na taso ina sauraren waƙoƙin da nake jin kowace kalma tasu, saboda haka abin da na saba nema a waƙa shi ne magana: azancin mawaƙi, yadda yake saƙa yabo da zambo, da yadda zai jefa habaici ya wuce kamar bai ce komai ba. Kusan shekara guda ke nan da na ƙudurci faɗaɗa abin da nake saurare, tun da wayar hannu ta kawo kaɗe-kaɗen duniya har tafin hannun mutum. Na gwada jaz, na gwada kiɗan gargajiya na Indiya da na Larabawa, na gwada na manyan ƙungiyoyin makaɗa na Turai, da rege, da ƙawalin Pakistan, da wasu da dama.

Damuwata ita ce, da zarar kiɗa ba shi da waƙa, ko kuma ana rera waƙar da harshen da ba na ji, ba na wuce minti biyu ko uku sai in tarar hankalina ya tafi wani wuri, yatsana kuma ya riga ya matsa zuwa na gaba. Yau ina da sunaye masu yawa da zan iya lissafawa, amma babu kiɗa ɗaya daga cikinsu da zan ce ya zauna mini a zuciya yadda waƙoƙin da na taso da su suka zauna. Ina ganin mutanen da hawaye yake zubo musu idan an busa wani abu ko an kaɗa wata tsirkiya, alhali ba a furta kalma ɗaya ba, kuma ina so in san abin da suke ji wanda ni ba na ji.

Shin akwai yadda ake sauraren irin wannan kiɗa wanda ake iya koya, ko kuwa sai wanda ya tashi a cikinsa? Sannan akwai wata fa'ida ta gaske a bin nau'o'i masu yawa, ko ya fi dacewa mutum ya tsaya inda zuciyarsa take?

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kunnenka lafiya lau yake. Abin da yake faruwa shi ne kana shiga kowane gida kana nufar kusurwar da ake ajiye dukiya a naku gidan, ka tarar babu komai a wurin, sai ka fito ka ce gidan fayau yake. Kowane nau'in kiɗa yana da inda ya ajiye dukiyarsa, kuma aikin farko na mai sauraro shi ne ya gano wurin.

Ka dubi waƙar baka da ka taso da ita. A waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, kalangai suna bin zubi ɗaya tun farko har ƙarshe, 'yan amshi kuma suna maimaita gindin waƙa ba tare da sauyi ba. Wannan ba ƙarancin fasaha ba ne. An tsayar da komai wuri ɗaya ne domin kunne ya sami sararin bin bakin mawaƙi, saboda a nan dukiyar take. Haka Ɗanmaraya Jos yake da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Kunnen da ya sami irin wannan tarbiyya ya saba ɗaukar kiɗa a matsayin shimfiɗa, magana kuma a matsayin baƙon da zai zauna a kai, don haka idan ka kai shi inda kiɗan ne da kansa baƙon, zai yi ta jiran wanda ba zai zo ba.

Ɗauki Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975. Waƙarta ɗaya a gaban jama'a takan kai sa'a guda, ba don baitocin suna da yawa ba, sai don takan ɗauki layi ɗaya ta maimaita shi sau da yawa, kowane karo da wata lanƙwasa dabam, tana jinkirta wata gaɓa, tana hawa inda ɗazu ta sauka. Sowar da kake ji daga masu sauraro a faifanta ba sabuwar magana suke yi wa ba, domin sun riga sun ji baitin. Sabuwar hanyar da ta bi ta isa ƙarshen layin suke yi wa. Larabawa suna kiran wannan shauƙi ɗarab. Tsarin karinsu kuma, wanda suke kira maƙam, yana da sautukan da suke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu masu maƙwabtaka, shi ya sa wanda ya saba da fiyano yakan ji kamar an kauce wa hanya, alhali a daidai wannan wurin daɗin yake.

A kiɗan gargajiya na arewacin Indiya, wanda ya sha bamban da na finafinansu, makaɗi yakan buɗe da wani sashe da suke kira alaf, babu ganga, babu bugun da za ka bi da ƙafa, kuma yana iya shafe rabin sa'a yana gabatar da sautukan karin da ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya. A bayansa akwai wani amo da ba ya yankewa, wanda ake fitarwa da wani abin kiɗa mai dogon wuya da suke kira tanfura. Ka riƙe wannan amon a kunnenka kamar ƙasar da kake tsaye a kai. Da zarar ka yi haka za ka fara jin kowane sauti a matsayin nisa ko kusanci da ita, har ka ji wani sautin yana ƙoƙarin komawa gida, makaɗin kuma yana riƙe shi a bakin ƙofa da gangan. Wannan riƙon shi ne yake sa mutanen da ka ambata hawaye.

Jaz kuwa ya fi kusa da kai fiye da yadda kake zato. Bisa al'adarsa makaɗa sukan fara da kari ɗaya, sannan kowa ya karɓa bi da bi ya ƙirƙiri nasa nan take a kan wannan tubalin, a ƙarshe su koma ga karin farko su rufe. Gindin waƙa ne da ɗiyanta, sai dai abin busa ne yake magana maimakon baki. Idan mai busa ya shiga nasa, ka ci gaba da rera karin farko a zuciyarka, za ka ji inda ya bi shi da inda ya yi masa gardama.

Na Turai ba zan tsawaita a kai ba. Ka saurari sashen farko na simfoni (dogon kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa) na biyar na Beethoven ɗan Jamus, wanda aka fara kaɗawa a 1808, ka riƙe sautuka huɗu na farko, uku gajeru ɗaya dogo, ka ƙirga sau nawa suka dawo da wata kama.

Malamar Firamare:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, amma da izininsa ina so in ja hankalin ɗan'uwanmu ga wata kalma da ya faɗa da kansa, wato yatsansa. A ganina matsalar ta fi kusa da yatsa fiye da kunne.

Waƙoƙin da suka zauna maka a zuciya ba jin harshensu kaɗai ne ya zaunar da su ba. Ka ji su sau ɗari, a lokutan da ba ka da zaɓi, har suka zama wani ɓangare na ranakunka. Babu kiɗa ko ɗaya cikin baƙin nan da ka ba irin wannan dama. Kuma ya kamata mu lura cewa na'urar da ake saurare da ita tana tarbiyyar mai sauraro ba tare da ya sani ba. Tsohon faifan garmaho minti uku ko makamancin haka yake ɗauka a kowace fuska, shi ya sa waƙar zamani ta ginu a kan wannan tsawon. Da dogon faifai ya fito a 1948, fuska ɗaya ta koma ɗaukar kimanin minti ashirin, har mutum irin Fela Kuti ya riƙa cika fuska guda da kiɗa ɗaya, yana barin makaɗansa su yi nisa kafin ya buɗe baki. Yanzu kuwa manhaja irin Spotify tana ƙirga cewa an saurari waƙa da zarar ta yi daƙiƙa 30, kuma maɓallin tsallakewa yana ƙarƙashin babban yatsanka. Alaf ɗin da Baba ya kwatanta ba zai taɓa tsira a irin wannan yanayi ba.

Abin da ni na yi shi ne na daina tara sunaye. Nakan zaɓi kiɗa ɗaya tak in zauna da shi mako guda, sau ɗaya a rana, wayar tana nesa da hannuna, ba na wani aiki. Haka na yi da waƙoƙin Cesária Évora ta tsibiran Cape Verde, wadda ba na jin kalma ɗaya ta harshenta. Kwana biyun farko murya mai sanyi kawai nake ji. A rana ta huɗu na fara sanin inda za ta ja numfashi tun kafin ta ja, kuma daga ranar da ka fara tsammanin abin da zai zo, daga ranar kiɗan zai iya ba ka mamaki, domin wanda ba ya tsammanin komai babu abin da zai girgiza shi.

Sai dai kada ka watsar da son magana da ka taso da shi, domin baiwa ce. Bayan mako ya cika, ka nemi fassarar waƙar. Sau da yawa za ka tarar kunnenka ya riga ya gaya maka gaskiya, kamar yadda na tarar begen gida da rabuwa ne a bakin wannan baiwar Allah. Wani lokaci kuma za ka tarar akasin haka, kamar a yawancin rege, inda kiɗan yake lilo da kai cikin natsuwa alhali kalmomin suna magana ne a kan bauta da zalunci da talauci. Wannan saɓanin da ke tsakanin kiɗa da magana shi kansa ma'ana ne, kuma wanda bai nemi fassara ba ya rasa rabinsa.

Makaɗin Kalangu:

Baba, a gafarce ni, akwai inda ban yarda ba. Kalangu ba shimfiɗa ba ne. Harshenmu harshe ne mai hawa da sauka, kuma idan na matse tsirkiyoyin kalangu a hammata ko na sassauta su, hawa da saukar kalmomi nake bi, shi ya sa wanda ya san take yake jin sunansa a bakin ganga ba tare da an buɗe baki ba. Saboda haka mai tambaya ya daɗe yana sauraren magana marar kalmomi, bai dai lura ba ne. Abin da ya rage masa shi ne ya yarda cewa wasu kayan kiɗan ma suna da tasu maganar, ko da ba za a iya mayar da ita kalmomi ba.

Shawarata ita ce ya sa jikinsa a ciki, domin zama shiru ba shi ne kaɗai sauraro ba. Ya nemi inda zagayen bugu yake farawa ya tafa a wurin. A kiɗan Indiya zagayen da aka fi amfani da shi bugu goma sha shida ne, kuma mai tabla, wato gangar Indiya, da mai tsirkiya kowa yakan yi yawonsa, sannan su faɗo tare a kan bugun farko, masu sauraro su girgiza kai. A filamenko na ƙasar Sifen akwai zagaye mai bugu goma sha biyu. A rege mai ganga yakan bar bugun farko babu komai, ya sauke nauyinsa a kan na uku, kuma wannan gurbin da aka bari shi ne yake sa jiki lilo. Wanda ya saurari Tony Allen, mai gangar Fela da ya rasu a 2020, ya bi hannu ɗaya kawai tun farko har ƙarshe, gobe ya bi ƙafa, zai gane cewa mutum ɗaya yana yin aikin makaɗa huɗu.

Game da tambaya ta biyu, ni ban cika ganin amfanin yawo ba idan mutum bai nutsa a wuri ɗaya ba. Wanda ya san kiɗa ɗaya har ƙasansa yana da ma'aunin da zai auna saura. Amma ina da gargaɗi a kan wannan ma'aunin. Mutane sukan ji Ali Farka Touré na Mali, wanda ya rasu a 2006, su ce ai buluz ɗin Amurka namu ne kawai aka kai can. Dangantakar gaskiya ce. Kira da amshi yana nan, banjo ma daga kayan kiɗa masu tsirkiya na Afirka ta Yamma ya samo asali a hannun bayin da aka tsallaka da su. Sai dai yawancin buluz yana tafiya ne a kan zagaye mai gaɓa goma sha biyu da haɗin sauti uku da ake sauyawa, alhali Ali Farka yakan kafa ƙafa a wuri ɗaya ya yi ta kewayawa. Idan kamannin kawai ka ji, kanka ka saurara, ba su ba.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na bi shawarar Malama na zauna da waƙa ɗaya ta Ummu Kulsum, yau kwana biyar. Jiya ne karo na farko da na ji abin da Baba ya kwatanta: ta dawo kan wani layi karo na huɗu, na tabbata za ta sauka inda ta saba, sai ta riƙe sautin ta wuce sama, tsigar jikina ta tashi tun kafin jama'ar da ke faifan su yi sowa. Malam mai kalangu kuma ya sa na koma na saurari waƙoƙin da nake zaton na gama saninsu, ina bin ganga maimakon baki, kuma na ji abubuwan da ban taɓa ji ba.

Amma akwai nau'i biyu da har yanzu kunnena yake ƙi tun daga daƙiƙar farko: opera, wato wasan kwaikwayon Turai da ake rerawa, inda nake jin muryar kamar an matse ta da ƙarfi, da kuma kiɗan metal, wanda nake jinsa kamar na'ura ta lalace. Shin wannan ma rashin sanin inda dukiyar take ne, ko akwai lokacin da mutum yake da haƙƙin cewa wannan ba nawa ba ne?

Injiniyan Sauti:

Ɗan'uwa, duka biyun da ka ambata a kan launin sauti ka yi tuntuɓe, ba a kan kari ko bugu ba, kuma launin sauti shi ne abin da kunne ya fi saurin yanke wa hukunci, tun kafin hankali ya sa baki.

Muryar opera amsa ce ga wata matsala. Wannan fasaha ta fara ne a Italiya wajajen 1600, ƙarnoni kafin a sami makirufo, kuma har yau bisa al'ada ba a ƙara wa mawaƙinta murya da na'ura. Mutum ɗaya ne zai tsaya a babban zaure, gomman makaɗa suna kaɗawa a gabansa, kuma dole na kujerar ƙarshe ya ji shi. Saboda haka ake horar da murya shekara da shekaru har ta sami wani kaifi da yake ratsa amon kayan kiɗa. Muryar da muka saba da ita a waƙoƙin zamani, mai taushi kamar ana yi maka raɗa, ba ta yiwu ba sai bayan da aka fara ɗaukar sauti da makirufo a 1925. Idan ka saurari opera ta abin kunne, kana manna kunnenka ne a bakin mutumin da yake kiran wani da ke can nesa. Ka gwada ta a lasifika, ka ja da baya zuwa ƙarshen ɗaki.

Ƙarar jitar metal kuwa ba lalacewa ba ce, da gangan ake tura sautin fiye da abin da na'urar za ta ɗauka domin ya yi kauri ya yi gautsi, kuma tun faifan farko na Black Sabbath, 'yan birnin Birmingham na Ingila, a 1970 ake gina nau'in a kan haka. Son sauti mai ƙura ba baƙon abu ba ne ga kunnenka. Masu kiɗan mbira na Zimbabuwe, wani katako mai jerin ƙarafa da ake kaɗawa da yatsu, suna maƙala marafan kwalba ko ƙananan bawo domin kowane sauti ya zo da zuza. Masu balafon, wato jerin katakan da ake bugawa da sanda, suna huda ƙoren da ke ƙarƙashin katakan su liƙe ramin da wani abu marar kauri ƙwarai, kamar yanar ƙwan gizo-gizo ko takarda, domin ta riƙa karkarwa. Goge da algaita ma ba sauti mai santsi suke bayarwa ba, kuma da za a goge musu wannan gautsin da babu mai gane su. Ka saurari goge na minti biyar, sannan ka sa metal a hankali ba da ƙarfi ba, ka nemi ɗan guntun karin da jita take maimaitawa a ƙarƙashin ƙarar, domin a kansa aka ɗora komai.

Bayan duk wannan, kana iya ganewa sarai kuma ka ci gaba da ƙi, kuma ba na ganin aibu a ciki. Na yi shekaru ina aiki da muryoyi, na san wahalar da mai opera ya sha kafin ya kai inda ya kai, ina girmama shi, amma ba shi nake nema ba idan na dawo gida a gajiye. Akwai dai wuri ɗaya da yake kama ni kullum, wato lokacin da irin wannan babbar murya ta sauko ta yi ƙasa-ƙasa a kan sauti mai tsawo, makaɗa duka suka lafa, ka ji ƙarfin yana nan amma an riƙe shi. Idan za ka sake gwadawa, ka fara da neman irin wannan wurin kafin ka je ga inda ake ɗaga murya.